Azurfar Cibi

A lungunmu na Hindawiyya, duk jaririn da cibiyarsa ta kumbura sai ya yi watanni ɗaure da azurfar Ummi. Ni an ɗaura mini, an ɗaura wa ƙanwata, an ɗaura wa 'ya'yan maƙwabta waɗanda yau wasunsu har sun fara furfura. Ummi ita ce mahaifiyata, kuma ita ce ungozomar lungun. Mu jikokin waɗanda suka taho Hajji da ƙafa ne daga ƙasar Hausa, suka yada zango a Jidda, zangon ya ƙi ƙarewa. Yawancin matanmu ba su da takardar da za su nuna a ƙofar asibiti, don haka a ɗaki suke haihuwa, a hannun Ummi.

Azurfar 'yar ƙarama ce, da kaɗan ta ɗara farcen babban yatsa, kuma da'irarta ba ta cika ba, kamar wainar da aka zuba da gaggawa. Kwarin zanenta ya yi baƙi, tudunsa kuma ya yi sheƙi saboda shafar hannu. A fuska ɗaya akwai kan wata mace mai dogon wuya tana kallon gefe, an gyara mata gashi layi-layi an tufke shi a ƙeya. A ɗaya fuskar wata macen ce tsaye cikin doguwar riga, ta rungumi jarirai biyu, ga wasu ƙanana a gindin ƙafarta suna miƙa mata hannu. Akwai haruffan boko kewaye da su, wasu sun goge. Uwar 'Ya'ya muke ce mata. Kakar Ummi ce ta zo da ita. An ce a Sawakin, a gaɓar tekun Sudan, suna jiran jirgin ruwa, ta karɓi haihuwar matar wani falke, shi kuma ya ba ta ita tukuici. Haka na ji, ban ga lokacin da aka yi ba.

Ɗaurin yana da ƙa'idarsa. Ummi za ta wanke azurfar da zamzam, ta yi bismillah, ta danna cibin da babban yatsa har ya koma ciki, ta ɗora ta a kai, sannan ta naɗe cikin yaron da farin ƙyalle ta tsuke. Dole gefen mai 'ya'yan ne zai taɓa fata, wai don ta rungume shi tare da nata. Abuya, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sha yin faɗa a kan wannan. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto, ita kuma ta rasa inda za ta liƙa hoton sai a cikin jariri. Ummi ta ce ai ga ƙyalle nan ta lulluɓe matar ruf, ta fi wasu matan unguwa rufe jiki, mala'iku ba su da abin cewa. Abuya ya yi tsaki ya tafi masallaci. Bai taɓa cin nasara a wannan gardamar ba har ya koma ga Allah.

Kuma gaskiya cibin yana komawa. Bayan watanni sai a kwance a ga ciki ya lafe, uwar yaro ta dawo da azurfa tare da kwanon dabino. Babu wanda ya taɓa tambayar ko da ba a ɗaura ba zai koma. Wa zai bar ɗansa haka nan don ya gwada?

Ni ce mai shisshigin gidanmu. Da na fara aikin lalle a wani shagon gyaran amare a arewacin gari, na ga duniya ta wuce lungunmu, sai na ɗauki azurfar ban faɗa wa kowa ba na kai ta tsohuwar kasuwar Balad, wajen wani dattijo mutumin Hadramaut mai sayar da tsofaffin awarwaro. Ya sa tabarau ya juya ta ya sake juyawa. Ya ce kuɗin Rumawa ne, an buga shi ƙarnuka kafin haihuwar Manzon Allah, kuma mai tufkakken gashin matar babban sarkinsu ce. Ya ce sarakunan nan ƙasarsu ta yi faɗin da yawancin talakawansu har su mutu ba za su ga sarki da ido ba, shi ya sa suke buga fuskarsu a jikin azurfa, don sojan da ke bakin iyaka da mai sayar da gurasa a ƙauye kowa ya san a hannun wa yake. A bayan kuɗin kuma sai su zana abin da suke so mutane su yarda da shi: an ci yaƙi, an samu zaman lafiya, hatsi ya wadata, gidan sarki ya cika da magada. Ya nemi in sayar masa, na ce ba tawa ba ce.

Na dawo gida ina ta zumuɗi, na ce wa Ummi ashe Uwar 'Ya'yanta ko salla ba ta taɓa yi ba. Ta fizge azurfar daga hannuna ta ƙulle a bakin zaninta.

"Uwa uwa ce," in ji ta. "Naƙuda ba ta tambayar addini."

Ƙanwata ta auri wani mai ɗinkin kujerun mota a unguwar Kurayyat, mutum mai haƙuri, shi ma haifaffen Jidda kamar mu. Kafilinsa, Balaraben da sunansa ke kan takardar zamansa, ya rasu, magada kuma suka rufe garejin suka watse ba wanda ya waiwaye shi. Iƙamarsa, wato takardar zaman, ta mutu, ta ƙanwata da ke ƙarƙashin tasa ta bi ta. Daga nan rayuwarsu ta koma ta ɓera: ya fita aiki ta bayan layi, ya dawo ta bayan layi, in ya hango motar 'yan kame ya shige shagon da ya fi kusa ya yi kamar mai sayen wani abu. Abin da suke tsoro shi ne tarhil, wato a kama ka a tsare, a sa ka a jirgi a sauke ka a ƙasar kakanninka. Su biyun babu wanda ya taɓa taka Najeriya. Ƙanwata Hausarta ma rabi Larabci ce, in ta ce za ta yi ciniki a Kano dariya za a yi mata.

Ta jima ba ta haihu ba, ta yi ɓari ya fi sau ɗaya. Da Allah ya kawo yaron nan, a ɗakin Ummi ya faɗo, kuma babu wata takarda a duniya da ta san da zuwansa. Yaro ne mai kumatu, mai son mutane, in ka tafa masa hannu sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya shaƙe. Ina son yaron nan fiye da yadda na zaci zan iya son ɗan da ba ni na haifa ba. Yana da cibi, in ya yi kuka ya fito kamar dabino. Ummi ta wanke Uwar 'Ya'ya ta ɗaura masa, kamar yadda ta ɗaura wa uwarsa.

Ranar wata Alhamis ce, lokacin bukukuwa, tun safe ina sunkuye a kan ƙafar wata amarya. Da na samu sarari na duba waya sai na ga ƙanwata ta yi ta kira. Ta ce tun jiya yaron yake kuka yana amai, ya ƙi nono, sun zo gidan Ummi. Ban ko wanke hannu ba na fito. Na isa Hindawiyya bayan la'asar, zafin nan na Jidda mai danshi ya manne wa mutum riga a baya, tsohuwar na'urar sanyaya ɗakinmu tana ta ƙara ba ta sanyaya komai.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne shirun. Yaron ya daina kuka, nishi kawai yake yi ƙasa-ƙasa, idonsa rabi a buɗe. A kan tawul ɗin da ke gefensa aman kore ne shar. Cikinsa ya kumbura sama da ƙasan ƙyallen, ƙyallen kuma ya nutse a tsakiya. Na tambayi Ummi me ya sa ɗaurin ya matse haka. Ta ce cibin ne ya yi tauri ya ƙi komawa, ta danna ya ƙi, shi ne ta ƙara tsukewa don azurfar ta kama shi sosai. Ta ce iska ce ta shige shi, ta ba shi ruwan yansun, tsiron da ake dafa wa jarirai don ciwon ciki, zuwa gobe zai saki.

Na ce a tashi a tafi asibiti yanzu. Mijin ƙanwata yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce in sun tambayi iƙama fa? Ya ce abokin aikinsa kwanan nan aka ɗauke shi, har yau matarsa ba ta san inda yake ba. In suka shiga da yaron da ba shi da takardar haihuwa, su ma ba su da ta zama, daga gadon asibiti sai tarhil, su uku. Ya ce a bari zuwa safe a gani, in bai yi sauƙi ba akwai wani mai kemis da ya sani. Ban ga laifinsa ba a lokacin, kuma har yau ba na iya ɗora masa duka. Gaba kura ce, baya sayaki, mutumin nan shekaru ya yi yana kwana yana tashi da tsoro har tsoron ya zame masa hankali.

Ummi ta ce in kwantar da hankalina, da tsohuwar zuma ake magani, yara nawa ta ɗaura wa ba wanda ya mutu. Tana faɗa tana shafa ƙafar yaron. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata cibi ya zama ƙari, wannan ba na azurfa ba ne, kuma in ba za su kai shi ba ni zan kai shi, iƙamata tana da rai, zan ce nawa ne. Ƙanwata ta dube ni. Ta tashi ta naɗe shi a majanyi ta ɗora mini a hannu.

"Yalla, Abla," ta ce da ni, wato maza, Yaya. "Ki tafi da shi."

Mijin ne ya ja mu a tsohuwar motarsa. Bai shiga harabar asibitin ba, can tsallaken titi ya tsaya kusa da wani shagon ruwan lemo. Ƙanwata ta kama murfin mota za ta fito, ya riƙe mata hannu. Ta koma ta zauna. Ni kaɗai na tsallaka da yaron, lallen amarya bai gama bushewa a yatsuna ba.

Na shirya ƙarya iri-iri a raina, amma babu wanda ya tambaye ni komai. Ma'aikaciyar jinya ta leƙa fuskarsa sau ɗaya ta karɓe shi da gudu. Likitan da ya zo baƙin mutum ne dogo, ya ji ina salati da Hausa sai ya juya harshe, ashe ɗan Najeriya ne da ya zo aikin kwantiragi. Ya sa almakashi ya yanke ƙyallen. Azurfar ta faɗo kan tayil ta yi ƙara, ta gangara ƙarƙashin gado. Inda ta tashi fatar ta yi baƙi-baƙi, cibin ya yi tauri kamar ɗanyen goro.

Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun jiya. Ya rufe ido ya buɗe. Yana aiki yana yi mini bayani a gajarce: cibi 'yar kafa ce a bangon ciki, hanji ke leƙowa ta nan, kuma a yawancin yara da kanta take rufewa, a ɗaura ko kada a ɗaura. Amma jefi-jefi hanjin yakan maƙale a kafar jini ya daina kai masa, to in aka danna aka tsuke a wannan halin, an ƙara shaƙe shi ke nan.

"Hajiya, da tun safe kuka kawo shi," ya ce. "Bari mu gwada tiyata. Ki yi addu'a."

Suka tura gadon suka shige da shi. Na zauna a kan kujerar roba. Wata mai shara ta zo ta miƙo mini azurfar, ta goge ta da gefen rigarta, ta ɗauka wani abin ado ne ya faɗi daga jikina. Ban daɗe da zama ba likitan ya fito. Ba su kai ga sa wuƙa ba, zuciyarsa ta tsaya suna cikin shiri, sun yi iya yinsu ba ta tashi ba. Ya yi mini ta'aziyya da Hausa irin ta can gida, mai tsawo, wadda tun rasuwar Abuya ban ƙara jin irinta ba.

Ana kiran magariba na tsallaka titin. Ƙanwata ta hango ni ta gilashin mota, majanyi a ninke a hannuna. Ba ta yi kururuwa ba. Ta juya ta kalli mijinta, ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta ɗora a cinyarta.

Wahalar da muka sha kafin a ba mu gawar yaron da takarda ba ta san an haife shi ba, ba na son buɗe ta a nan. Da aka ba mu, Ummi ta ce ita za ta yi masa wanka, tunda ita ta yi masa na farko. Na shiga ɗakin wankan gawa na masallaci tare da ita ina zuba mata ruwa. Da ta yaye ƙyallen da aka rufe shi da shi, sai ga shatin azurfar a kan cibiyarsa, da'ira sosai, kuma in ka sunkuya kana iya ganin matar nan tsaye da jariranta, ta fito a fatarsa kamar hatimi. Ummi ta zuba ruwa ta murza da babban yatsa, yatsan da ta danna shi da shi. Ta sake zubawa ta sake murzawa. Shatin bai fita ba, da shi aka sa shi a likkafani.

"Ni na ɗaure," in ji ta, ba da ni take ba. "Da na ga ya ƙi, sai na ƙara ƙarfi."

Bayan an share makoki azurfar tana wurina, kuma haushinta nake ji kamar mutum ce. Na zauna na kwafi haruffan da suka rage a jikinta ɗaya bayan ɗaya na sa a waya, sai ga 'yan'uwanta birjik, a gidajen tarihi da wajen masu tara tsofaffin kuɗi. Ashe ba ita kaɗai ba ce a duniya, an buga irinta ba iyaka, an biya sojoji da su, an sayi mai da giya. Na karanta cewa macen da ke rungume da jariran ba mutum ba ce, siffa ce da Rumawa suka yi wa albarkar haihuwa, kuma an buga ta ne don a shaida wa duk ƙasa cewa matar sarki tana ta haihuwa, gadon sarauta ba zai rasa mai hawa ba. Sannan na karanta abin da ba a zana a jikin azurfar ba. Matar ta haifi 'ya'ya fiye da goma, kuma da yawansu sun mutu tun suna ƙanana, wasu ko yaye ba a kai ga yi musu ba. Ga likitocin fada, ga dukiyar duniya, ta yi ta binne su, maƙeran sarki kuma suna ta buga ta da 'ya'ya cike da hannu. Abin da wani sarki ya so talakawansa su yarda da shi ke nan, ya bi hannu ya bi hannu har ya iso lungunmu, mu kuma muka yarda fiye da waɗanda aka yi dominsu.

Na kai wa Ummi azurfarta na faɗa mata abin da na karanta. Tun ranar wankan ta daina karɓar haihuwa, ta rame, yini take zaune a kan darduma. Ta riƙe ta kusa da ido ta daɗe tana kallon mai tufkakken gashin.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe ita ma ba ta riƙe nata ba."

Ta ƙulle ta a bakin zani, inda take tun asali. Ƙanwata da mijinta suna nan tare har yau, amma ban ƙara jin ta yi masa magana fiye da ta abinci da makulli ba, kuma ba ta sake haihuwa ba.

Wata rana da hantsi ina gidan, sai ga wata yarinya daga unguwar Sa'alaba da goyonta. Ummi ce ta karɓi haihuwar ita kanta yarinyar. Ta gaishe mu, ta kwanto ɗanta ta ɗaga masa riga, ga cibi nan ya fito, yaron yana ta wutsil-wutsil yana dariya. Ta ce surukarta ce ta aiko ta a ara mata Uwar 'Ya'ya. Ummi ba ta ɗaga kai ba, ta ce azurfar ta ɓace. Ina ganin hannunta ya damƙe ƙullin da ke bakin zaninta.

Na zaunar da yarinyar na faɗa mata duk abin da likitan ya faɗa mini. Na ce ta bar shi haka nan, da kansa zai koma, kada ta danna kada ta ɗaure. In ta ga ya yi tauri ko yana amai ta ruga asibiti a take, ba wanda zai tsayar da ita a ƙofa, ni shaida ce. Na ce in tana tsoro ta kira ni ko ina ina, zan kai shi da iƙamata. Ta saurare ni da ladabi har na gama, tana gyaɗa kai. Ta ce ta ji labarin abin da ya same mu, Allah ya ba mu haƙuri, kwana ne ya ƙare. Amma surukarta ba za ta yarda a zuba wa cibi ido ba, asibiti kuwa mijinta ya hana ko ambatonsa, shekara nawa ba su da takarda.

Sai ta buɗe 'yar jakarta ta lalubo riyal ɗaya na ƙarfe, sabon nan mai kan sarki, ta ɗora a tafin hannunta.

"Halas, shi ke nan, Hala, ba komai," ta ce da Ummi, wadda take kira Hala, wato inna. "Wannan ma ai da fuska a jikinsa. Ki dai nuna mini yadda ake tsukewa."

Ummi ta cusa hannayenta biyu cikin mayafi ta juya fuska ga bango. Yarinyar ta jira, ta ga ba za a tanka mata ba, ta ce to za ta tambayi wata tsohuwa a layinsu. Ta mayar da riyal ɗin jaka, ta goya ɗanta ta yi mana sallama. Muna jin dariyarsa har suka kai ƙarshen lungu.